Yadda ake haɗa Aerovivanda, abincin masu fasahar Futurismo na Italiya

A Disamban 1930 Filippo Tommaso Marinetti, jagoran Futurismo (ƙungiyar masu fasaha da ke ɗaukaka injuna da zamani), ya fitar da sanarwa a Turin cewa Italiyawa su daina cin taliya, wai tana kashe jiki. Maganar ta yi wa gwamnatin Mussolini daɗi, domin tun 1925 take fafutukar rage shigo da alkama, tana tura mutane ga shinkafar gida. Aerovivanda na cikin sababbin abincin da 'yan Futurismo suka ƙirƙiro, don haka ka riƙe wannan a zuciya kafin ka fara: siyasar fasist ta Mussolini na cikin farantin.

1. Zuba baƙin zaitun, farin gindin fenel (wani kayan lambu mai ƙamshi) da ƙananan lemon da ake ci da ɓawo a faranti, ka ajiye ta dama.

2. Manna sanfefa, siliki da karammiski a kan ɗan allo, ka ajiye ta hagu. Nan ne zuciyar abin.

3. Ci da hannun dama, ba cokali. Hagu kuwa ya riƙa shafa allon a hankali, kaushi sannan santsi, har ka ji ɗanɗanon zaitun yana sauyawa.

4. Wani ya fesa maka turare mai ƙamshin furen carnation a ƙeya.

5. Daga kicin a saki rugugin injin jirgin sama tare da kiɗan Bach, mai tsara kiɗa ɗan Jamus.