Kurakuran da ɗalibai suka fi yi kan homon ɗin saɓar ƙwari

Tambayi ɗalibi abin da ke sa ƙwaro ya yi saɓa, nan take zai ce maka homon ekdison, wato sinadarin da jiki ke sakewa cikin jini don ya ba da umarnin saɓa. Amsar ba ƙarya ba ce, amma rabi ce. Ƙwaƙwalwa ce ke fara sakin homon mai suna PTTH, shi kuma ya zaburar da wata matsatsa, wato gaɓar da ke yin homon, da ke ƙirjin tsutsa ta zubo ekdison cikin jini. Ekdison kansa ba shi da wani ƙarfi sosai. Sai ya isa kitsen jiki da fata an ƙara masa ɓangare guda, ya koma homon mai ƙarfi da ake kira 20E, sannan aiki ya kankama. Wanda ya rubuta ekdison a inda ake nufin 20E ya tsallake mataki guda cur. Tun 1954 Adolf Butenandt da Peter Karlson suka tace ekdison a Jamus, daga kilo 500 na tsutsar siliki da ta riga ta shiga matakin rikiɗa suka samu miligiram 25 kacal.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne zaton cewa hauhawar 20E ce ke fitar da ƙwaro daga tsohon ɓawo. Ba haka ba ne. Idan 20E ya hau, fata tana rabuwa da tsohon ɓawon daga ciki, a zuba ruwa mai narkarwa a tsakani, a tsotse abin da ke da amfani, a shimfiɗa sabon ɓawo mai laushi a ƙarƙashi. Duk wannan ana yi ne ƙwaron yana cikin tsohuwar rigarsa. Tuɓewar ba ta zuwa sai 20E ya sauka. A lokacin ne wasu ƙwayoyin halitta da ke jikin bututun numfashi ke sakin wani homon mai suna ETH, ƙwaron ya soma murɗe jiki, ya haɗiyi iska ko ruwa ya kumbura, ɓawon ya tsage ta baya. Bayan ya fito fari fat, homon bursikon ne ke taurara sabon ɓawon ya yi duhu. Maganin ƙwari tebufenozaid yana kisa ne ta nan: yana kwaikwayon 20E amma ba ya sauka, sai tsutsa ta fara saɓa, ta daina cin abinci, ta maƙale ta mutu a ciki. Idan za ka zana jadawali, zana hawan 20E da saukarsa duka, ka sa tuɓewa bayan saukar.

Homon ƙuruciya, JH, shi ma ana yi masa mummunar fahimta. Ba ya hana saɓa. Irin saɓar yake zaɓa: idan yana da yawa, tsutsa ta sake fitowa tsutsa, sai dai babba, idan ya janye, ta shiga rikiɗa. Vincent Wigglesworth ya nuna haka a shekarun 1930 da wani ƙwaro mai shan jini na Kudancin Amurka. Shi ya sa maganin ƙwari metofirin, mai kwaikwayon JH, ke hana tsutsar sauro zama sauro, amma ba ya kashe wanda ya riga ya tashi.

Kar kuma ka ɗauki tsarin ƙwari ka ɗora wa ƙaguwa da jatan lande. Su birki ne ke riƙe da su: homon da ke fitowa daga sandar ido yana danne matsatsar da ke yin ekdison, idan an cire sandar sai saɓa ta yi sauri. Da yawansu ma suna ci gaba da saɓa bayan sun balaga, alhali ƙwaro mai fiffike, in ka cire ƙudan nan da ake kira mefilai, da ya balaga ya gama saɓa.

Akwai wani ƙaramin abu da ake mantawa: ƙwari ba sa iya ƙera kolestarol, wanda daga shi ake gina ekdison. Daga abinci suke samunsa, masu cin ganye kuma su sarrafa irin na tsirrai.