Yadda ake yawon duwatsun Štiavnica a ƙafa, daga ramin azurfa zuwa kan Sitno

Garin Banská Štiavnica da ke tsakiyar ƙasar Sulobakiya yana zaune ne a cikin bakin wani dutse mai aman wuta da ya mutu tun shekaru miliyoyi. Shi ya bar zinariya da azurfa a jikin duwatsun, mutane suka yi ɗaruruwan shekaru suna haƙa. Hukuma na kare yankin tun 1979, UNESCO kuma ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1993.

Da farko zaɓi lokaci. Tsakanin Mayu da Oktoba ya fi, don da hunturu ƙanƙara kan rufe hanya. Tanadi takalmi mai riƙe ƙasa, rigar ruwa, gorar ruwan sha da ɗan guzuri.

Ranar farko kada ka yi gaggawar hawa. Shawarata ka fara da ƙarƙashin ƙasa. A gefen gari akwai gidan tarihin haƙar ma'adinai, inda za a ba ka hular kwano da alkyabba da fitila, ɗan jagora ya shige da kai ramin Bartolomej. Sa rigar sanyi ko da ana rana a waje. Ka taɓa bangon, za ka ji danshi, ruwa na ɗiga ta sama. Ruwan nan shi ne babban abokin gabar masu haƙa, don yakan cika ramuka. A wannan gari aka yi amfani da albarushi wajen fasa dutsen ma'adinai tun 1627, kuma a nan aka kafa makarantar koyon haƙar ma'adinai a 1762, zamanin sarauniya Maria Theresa.

In ka ga wannan, tafkunan da za ka tarar a hanya za su yi maka ma'ana. Sunansu tajchy, kuma ba Allah-ya-yi ba ne, gina su aka yi. Wajen 60 aka gina, aka haɗa su da magudanu masu tattaro ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara daga gangare. A wancan zamani, da ƙarfin ruwan da aka tara ake juya injinan da ke zuƙe ruwan cikin rami. Wannan dabara ta fi komai burge ni a yankin.

Kashegari da sassafe ka nufi tafkin Počúvadlo, daga nan ake hawa Sitno, dutse mafi tsawo a yankin, mita 1009. Alamar hanya a jikin itatuwa da duwatsu take: layi mai launi tsakanin farare biyu, ja ko shuɗi ko kore ko rawaya. Duba allon da ke bakin tafki, ka riƙe launinka. In ka yi nisa ba ka ga alama ba, koma inda ka ga ta ƙarshe. Kusa da sama hawan yana ƙara tsanani, akwai matakala, sai ka bi a hankali kana hutawa. Kufan tsohuwar ganuwa na nan a gefen dutsen, ka ratsa ka gani.

Duk tsohon ramin da ka gani a daji, kada ka leƙa ciki, don rufinsa na iya ruftawa. Kada ka hura wuta, ka kuma dawo da shararka a jaka. Lambar neman agaji 112 ce, ka ajiye ta a waya kafin ka bar masauki.