Yadda ake ganin jan tsuntsun duwatsun Jos

Na sha raka mutane neman wannan ɗan tsuntsu, kuma kusan kowa da kuskure ɗaya yake farawa: da ya ji an ce tsuntsun dutse ne, sai ya kama hawa, kai a sama, yana leƙen rassan itatuwa. A ƙasa yake kiwo. 'Ya'yan ciyawa yake tsinta a gindin duwatsu da ƙarƙashin sarƙaƙiya, kuma tsawonsa bai wuce santimita 11 ba. Masana suna kiransa Lagonosticta sanguinodorsalis, sai a 1998 ma masanin tsuntsaye Robert Payne ya bayyana shi a matsayin jinsi mai zaman kansa. Bayan tsaunukan Jos, ana samunsa a duwatsun Mandara da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru.

Fara da zaɓen wuri. Inda ya fi sauƙi shi ne dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga a gabashin Jos, wurin da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take. Ka nemi izini tun kafin ka je, ka kuma roƙi a haɗa ka da wanda ya san dajin. Ɗan abin da za ka ba shi bai kai kuɗin motar da za ka sake kashewa ba in ka dawo hannu rabbana.

Lokaci kuwa, ni rani nake zuwa, babu wata tattaunawa. Da damina ciyawa ta yi tsawo, ruwa ko'ina, tsuntsun ba shi da dalilin fitowa fili. Da rani dole ƙishi ya sauko da shi daga dutse zuwa inda ruwa ya rage a ƙorama. Ka isa wurin gari na wayewa. Sanyin Jos da hunturu ba wasa ba ne, ka sa rigar sanyi mai duhu. Farin kaftani da silifas a bar su a gida. Na farko zai tona maka asiri tun daga nesa, na biyu zai kayar da kai a kan falalen dutse. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya isa, na gwanjo ma yana aiki muddin ba ya nuna maka abu biyu-biyu. Ka gwada shi a gaban mai sayarwa.

Yanzu sai zama, kuma a nan ake faɗuwa. Ka nemi inda dutse ya haɗu da ƙananan itatuwa, kusa da ruwa, ka zauna rana tana bayanka, ka jingina da wani abu don kada siffarka ta fito a sarari. Ka duba wurin zaman da kyau tukuna saboda maciji. Daga nan ka yi shiru. Ba shirun minti biyar ba. Akwai wani ƙanena da na kai, ko minti goma bai yi ba ya miƙe wai ƙafarsa ta yi sanyi, a daidai lokacin da biyu suka sauko bayan wani dutse. Fir, suka shige sarƙaƙiya, ranar ba mu ƙara ganinsu ba. Yawanci biyu-biyu suke tafiya, mace da namiji, don haka in ka ga ɗaya kada ka motsa, ɗayan yana kusa. Madubin ma a hankali ake ɗaga shi, kamar mai kai loma baki a gaban suruki.

To ga shi ya sauko. Kada jan ya ruɗe ka. Ni kaina na taɓa yin kwana biyu ina murna na gan shi, har na ba abokai labari, ashe ɗan'uwansa ne na cikin gari, wanda wasu ke kira baiwar Allah, mai tsintar tsaba a tsakar gida. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya kalli hoton ya ce, "Malam, duba bakin mana." Bakin ja ne. Na dutsen bakinsa toka-toka ne mai ɗan shuɗi. Saboda haka baki za ka fara dubawa, sannan gadon baya: namijin na dutse bayansa ja ne, saman kansa kuma ruwan toka, na gida kuwa bayansa ƙasa-ƙasa ne. Fararen ɗigo-ɗigon da ke gefen ƙirji kada ka dogara da su, danginsa da yawa suna da su. Macen ta fi wuyar ganewa don launinta bai kai na namijin kauri ba, amma ita ma bakin ne zai raba maka gardama.

Wasu suna kunna kukansa a waya don ya fito. Ni ba na yi, kuma wanda ya biyo ni ba zai yi ba. Kunne ma yana iya yaudararka a nan, domin akwai wani baƙin tsuntsu mai sheƙi, Vidua maryae, da macensa ke saka ƙwai a sheƙar na dutsen ta bar masa reno. Namijinsa yana kwaikwayon kukan wanda ya rene shi, kuma wannan kukan ne ma ya sa masana suka gane akwai wani jinsi da ba su sani ba. In ka ji kukan daga ƙolin itace wajen ƙarshen damina, mai yiwuwa ɗan riƙon ne.

Hoto kuwa, ka fara kallo ka ƙoshi kafin ka taɓa kyamara. In waya gare ka, ɗora ta a bakin madubin, zai fito dishi-dishi amma ya isa shaida. Rubuta rana da wuri da adadin da ka gani, ka saka a eBird, manhajar da masu kallon tsuntsaye ke adana abin da suka gani, in kana da data, sannan ka tashi a hankali ka bar musu ruwansu.