Yadda za ka gane laƙabin ɗan siyasa zambo ne ko ƙabilanci, kafin ka tura a guruf

Shekaranjiya wajen mai shayinmu nan Mabera cikin Sakkwato gardama ta kaure, wani ya kira Tinubu da T-Pain (pain shi ne zafi da Turanci), ɗan uwanmu Bayarabe mai gyaran babur da anka haifa garin nan ya ce wai ƙabilanci ne, saura sunka taso mai ca. Ni ina gefe da kofina ina saurare, kuma gaskiya kowa da ɗan abin da ya kama. To ga yadda nike auna abin, in ka ga dama ka gwada.

Abu na farko ka tambayi kanka, sunan nan mi ya haife shi? In aikin mutumin ne ko maganar da ta fito bakinai, to zambo ne, kuma wanda ya hito neman ƙuri'a dole ya sha zambo. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa an ce mai Baba Go Slow saboda ana ganin gwamnatinai na jan ƙafa, Buhari ma da ya kwashe watanni a 2015 bai naɗa ministoci ba sai anka maida mai sunan. Babangida an ce mai Maradona don iya yanka da ƙwallon siyasa. Gandola da ake ce ma Ganduje daga bidiyon zargin daloli na 2018 ya hito, shi dai ya musanta, amma lura hwa, Kanawa 'yan uwanai sun fi kowa yaɗa shi. T-Pain kuwa tun da anka cire tallafin mai a 2023 kowa na ji a jikinai, Bayaraben Ibadan da ke layin gidan mai shi ma yana faɗin sunan.

Sannan gwajin da na fi yarda da shi, ka cire mutumin ka aza wani daga wata ƙabila wanda ya yi irin aikin. In sunan ya zauna daram to babu ƙabilanci ciki. In kuwa ya faɗi, to daman ba da shi kake ba, da danginai kake. Ɗauki Jibrin na Sudan da Nnamdi Kanu ya dinga yaɗawa, wai Buhari ya mutu an kawo wani Basudane, har sai da Buhari ya tanka a Poland a Disamba 2018 ya ce shi ne dai. Wannan ba wani aiki ya taɓa ba, cewa yake mutumin baƙo ne ba ɗan ƙasa ba, kuma a nan abin ya soma wari. Haka in ɗan kudu ya ce ma ministan arewa aboki da wannan muryar tasu, kai ka san ba abota yake nufi ba, mai gadi da mai wankin takalmi duk ya haɗa. Mu ma kar mu yi kamar ba mu da namu, lokacin zaɓen 2023 nawa ka ji an kira Peter Obi da sunanai? Sai dai nyamiri, kuma mai shagon sifiya fas na bakin kasuwa da kuke gaisawa kullum yana cikin wannan kalma ko ka so ko ka ƙi.

Wasu za su ce ai wasa ne, Bagobiri ba ya raga ma Bayarabe, Bafulatani da Babarbare haka. E, amma taubasantaka fuska da fuska ake yinta, shi ma yana da damar rama maka, a yi dariya a watse. A Facebook kuwa wa zai rama? Mutum dubu na karantawa, rabi ba su ma san da wannan wasa ba.

Na nan gida ya fi ban tsoro. Da halin da ake ciki wajen Sabon Birni da Isa, yanzu da ɗan siyasa ya ɓata ma mutane rai sai ka ga an jingina mai sunan ɗan daji don kawai Bafulatani ne, wani kuma a ce mai Kaɗo. In kana adimin ɗin guruf wannan kam goge shi nan take, ka bi mai shi ta bayan fage ka ce malam sake wani, ka zage shi kan rijiyar da ya yi alkawari bai gina ba.

Shi kuwa mai gyaran babur da munka bi mai abin daki-daki sai ya ce to naji, amma wanda ya sake ce mai ɗan mai ja sai ya biya kuɗin shayinai.