Yadda Ake Toshe Ɓarakar Tsaro da Aka Gano Yayin Gwajin Farfaɗo da Na'urori

Gwajin farfaɗo da na'urori bayan bala'i yakan tona asirin abubuwan da aka yi wa sakaci, musamman kwamfutocin ko-ta-kwana waɗanda ba kasafai ake waiwayarsu ba. Da zarar kun gano wata ɓaraka, ku rubuta ta nan take tare da sunan na'urar, amma ku taƙaita masu ganin rahoton, domin duk wanda ya same shi ya san inda zai kutsa.

Abin da ya fi gaggawa a ganina shi ne manhajar da ba a sabunta ba. A watan Mayun 2017, harin WannaCry, wata muguwar manhaja mai kulle bayanai don neman kuɗin fansa, ya shiga kwamfutocin Windows ta wata kafa da kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaranta tun watan Maris, amma mutane da yawa ba su saka ba. Bayan sabunta manhaja, ku rufe asusun ma'aikatan da suka bar aiki, ku sauya kalmomin sirri, sannan ku keɓe kwafin bayanai guda ɗaya wanda ba ya haɗe da intanet.

Kowace ɓaraka a ɗora alhakinta a kan mutum guda tare da wa'adi, kuma a maimaita gwajin bayan an kammala gyaran.