Darasi Na Tara: Koya Wa Ƙaramin Yaro Gane Talla

Yaron da ya tashi a Jos ya san talla tun kafin ya iya ƙirga goma. Yana jin mai ƙosai da sassafe. Yana ganin 'yar talla da farantin gyaɗa a Gangare ko Unguwar Rogo. In an je Terminus da shi, ga mai magani ya ɗora lasifika a kan mota yana jero sunayen cututtuka. Irin wannan talla ba ya ruɗa yaro, don yana ganin mai kaya da idonsa, yana ganin an miƙa kuɗi an karɓi canji.

Na talabijin da na waya shi ne mai wuya. A can babu faranti, ba a ganin mai kaya. Sai waƙa mai daɗi, da launi, da yara sa'anninsa suna tsalle da biskit a hannu.

A 2004 ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta fitar da rahoto kan wannan. Ta ce yawancin yara 'yan ƙasa da shekara 4 zuwa 5 ba sa bambanta talla da shirin da suke kallo. Sai wajen shekara 7 zuwa 8 yaro ke fara gane cewa mai talla so yake a saya. A ƙasar Suwidin tun 1991 doka ta hana nufar yara 'yan ƙasa da shekara 12 da talla a talabijin. A nan Najeriya hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita ke tace tallace-tallace, NAFDAC kuma na duba na abinci da na magani. To amma abin da ke shigowa ta waya daga ko'ina yake zuwa, kuma in yaro ya riƙe wayar, ku ne kusa da shi.

Saboda haka in ɗan shekara 4 ya kwanta a ƙasa gaban mai tireda yana kukan alawar da ya gani a talabijin, kada a yi saurin cewa kwaɗayi ne ko rashin tarbiyya. An ce masa abin nan zai sa shi ƙarfi da farin ciki, shi kuwa duk abin da babba ya faɗa gaskiya ne a wurinsa.

Wasan tafi

Ku zauna ku yi kallo tare. Ku ce masa, "Duk sanda aka katse katun aka sa talla, mu yi tafi." Da farko ku za ku riƙa fara tafawa, kuna cewa, "Ga talla nan." Bayan 'yan kwanaki zai riga ku. Ku nuna masa alamomin: an yanke labari a tsakiya, murya ta canza, ana ta maimaita sunan kaya ɗaya. A YouTube sau da yawa akan ga ƙaramin rubutu a gefe mai nuna talla ne, wani tallan kuma bayan daƙiƙa 5 akan iya tsallake shi. Ku bar yaron ya danna da kansa.

Idan ya iya wannan, sai a nemo mai kayan da ya ɓuya. Ku karanta wannan hira da ƙarfi, mutum biyu-biyu:

"Mama, ki saya mini wannan biskit ɗin. Zaki ya ce yana sa ƙarfi."
"Auta, zakin nan na gaske ne?"
"A'a, zane ne."
"To wa ya zana shi, ya sa masa magana a baki?"
"Ban sani ba."
"Masu yin biskit ɗin ne. Sun biya kuɗi aka nuna shi. Me suke so mu yi?"
"Mu saya."
"Yauwa. Ka tuna mai gyaɗar da ke wucewa ta ƙofar gida? Ita ma so take mu saya. Sai dai ita muna ganinta."

Ku lura uwar ba ta ce masa ƙarya ne ba, ba ta kuma daka masa tsawa ba. Tambaya ta yi, ta bar shi ya kai ga amsa. Da yawa a cikin ajin nan da sana'a muke ci, wata na sayar da awara, wani na tura baro, kuma kowa na yabon kayansa. Talla ba laifi ba ne. Abin da muke so yaro ya sani shi ne mai talla yana nuna abin da ya fi kyau, ya yi shiru kan sauran. Duk wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir a Farin Gada ya san manya ne a sama, sai an zazzage ake ganin na ƙasa.

Akwai wani iri da har manya yana wuce su. Bidiyon da za a ga wani yaro yana buɗe sababbin kayan wasa daga kwali, yana ihun murna. Ba a katse komai ba, babu waƙar talla, amma sau da yawa kamfani ne ya ba da kayan don a nuna. Haka ma hoton ɗan katun a jikin ledar alawa. Tambayar ba ta canza ba: wa zai samu kuɗi in mun saya?

Hoton leda da abin da ke ciki

Ranar da kuka sayi biskit ko alawa, kada ku yar da ledar. Ku shimfiɗa ta, ku ajiye abin a gefenta. Ku tambayi yaro: girmansu ɗaya da na hoto? Guda nawa aka zana, guda nawa muka samu? Ya ƙirga da yatsa. Wani lokaci za su yi daidai, wannan ma ku faɗa masa.

Ku kuma ku juya bayan ledar ko kwalbar. Ku nemi lambar NAFDAC, da ranar da abin zai lalace, da yawan suga. Giram 4 na suga ya kai kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Misali, in an rubuta giram 10 a kowane mililita 100, kwalbar lemo mai mililita 500 tana ɗauke da giram 50. A raba 50 gida 4, an samu cokali 12 da rabi. Ku ɗauko kofi, ku da yaron ku riƙa zubawa kuna ƙirgawa har 12. Ba sai kun yi dogon bayani ba. Ku tambaye shi kawai ko mai tallan ya nuna wannan kofin.

Wayar ma a rage. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban waya ko talabijin. Mun san uwa mai girki da wanki takan miƙa waya don ta samu sarari. In an miƙa, a bar muryar a buɗe, ki riƙa jin abin da ake faɗa masa daga bakin murhu.

Aikin gida

Ku kwafi waɗannan tambayoyi a littafinku da rubutu mai kyau: Wa ke magana? Me yake so mu saya? Me bai faɗa ba?

A kan hanyarku ta komawa gida, ku zaɓi allon talla ɗaya ko fosta a jikin bango ko keke. Ku rubuta sunan kayan da kalma biyu da aka yabe shi da su. Darasi mai zuwa kowa ya zo da ledar biskit ko kwalbar lemo da babu komai ciki, za mu yi lissafin suga a allo.