Kar ku tsaya cak bayan gudu

Jama'a, in kun gama gudu, kar ku zube ƙasa nan take. Ku taka a hankali, minti 5 zuwa 10, har ku iya magana ba haki.

Lokacin gudu jijiyoyin jini a buɗe suke, naman ƙafa ne ke matsa jinin ya koma zuciya. Kuna tsayawa cak sai ya taru a ƙafa, bai isa kai sosai ba. Nan jiri ke zuwa. Ni sai da na ga duhu-duhu, na dafa bango, sannan na yarda.

Amma fa takawar ba ta hana tsamin jikin washegari, wannan sai haƙuri. In kuwa ƙirji ke ciwo, ku bar takawar, ku nemi likita maza.